Na kai babban ɗana makarantar ƙasa da ƙasa, yanzu ina shakkar kai ƙanwarsa. Ku ba ni shawara

Abban_Sadiku:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya hana ni barci kwana biyun nan, na ce bari in kawo shi nan, tunda a cikinmu akwai iyaye, akwai malamai, akwai kuma waɗanda suka bi ta irin makarantun da ƙafarsu.

Babban ɗana ya yi sakandare a wata makarantar ƙasa da ƙasa a Abuja, irin masu bin manhajar Ingila. Ya rubuta jarrabawoyinsu na sakandare, IGCSE da A Level, ya wuce Ingila ya karanta injiniyancin lantarki, yanzu shekararsa uku yana aiki a Manchester. Alhamdulillahi, ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba. Ba ya wasa da salla, kuma duk wata sai ya turo wa mahaifiyarsa abin da ya sawwaƙa ba tare da an tuna masa ba.

Watan jiya aka yi mana rasuwa, yayana ya cika, yaron ya zo Malumfashi ta'aziyya. Muka shiga wurin Hajiya, mahaifiyata. 'Ya'yan marigayi duk suka zube tun daga bakin ƙofa. Shi kuwa ya taka har gaban tabarmarta, yana tsaye ya miƙa mata hannu. Ta karɓa, ta riƙe hannun nasa da hannu biyu, ta ce, "Sadiku, ya muka ji da haƙuri?" Ya ce, "Lafiya lau." Ta ce, "Allah ya jiƙan babanka." Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya." Ba wanda ya ce uffan. Ni dai na sunkuyar da kai. Da dare ya same ni a ƙofar gida, ya ce mini da Turanci ya san ya yi kuskure a ɗakin Hajiya amma bai san ko mene ne ba, don Allah in faɗa masa. Wallahi sai da na yi ƙwalla, domin laifin ba nasa ba ne.

Ƙanwarsa za ta gama aji shida na firamare a bana. Uwarsu ta ce adalci shi ne a kai ta inda aka kai yayanta. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Abin da nake son ji daga gare ku: makarantun nan me suke mayar da yaro? Aikin da yake samu daga baya da halin da yake tashi da shi, makarantar ce ta ba shi, ko dama abin da ya taho da shi daga gida ne?

Maman_Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Abban Sadiku, ka yi haƙuri in tambaye ka abu ɗaya: da wane yare kuke magana da shi a gida lokacin yana ƙarami?

Abban_Sadiku:
Amin, na gode Hajiya. Gaskiya da Turanci. Mun ɗauka hakan zai taimaka masa a aji, Hausa kuma zai tsince ta a hanya.

Maman_Tagwaye:
To ka ga ni. Ba makaranta ce ta hana shi sanin "haƙuri sai ma'aiki" ko "da godiya" ba. Yaron da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo huɗu, direba ya kai shi ya ɗauko shi, gida katanga ta zagaye, a wace hanya zai tsinci Hausar? Nawa biyun suna irin makarantar a Kaduna, amma doka ce a gidana, da an shigo ƙofa an ajiye Turanci tare da takalmi. Duk dogon hutu kuma Zariya nake tura su wurin kakarsu, su yi wata guda suna cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan uwansu.

Dan_Fagge_77:
Ni dai ra'ayina a taƙaice: makarantun nan masana'antar fitar da 'ya'yanmu waje ce. Ka biya miliyoyi, ka raini yaro, Ingila ta ci moriyarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Likita_Shika:
@Dan_Fagge_77 ɗan uwa, wannan maganar ba ta zauna ba. Ni makarantar gwamnati na yi tun daga firamare har ABU. A cikin waɗanda muka gama likitanci tare, ba zan iya ƙirga waɗanda suka rubuta PLAB, jarrabawar neman izinin aikin likita a Ingila, suka tafi can ko suka nufi Saudiyya ba, kuma yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar makarantar ƙasa da ƙasa ba. 'Ya'yan malaman firamare ne da 'ya'yan manoma. Abin da ke fitar da mutum albashi ne da yanayin aiki. Bambancin kawai, ɗan makarantar ƙasa da ƙasa an share masa hanyar tun yana shekara sha shida, mu kuma sai da muka kai talatin muka fasa ta da kanmu.

Kuma akwai masu dawowa. Wanda ya karanta likitanci a waje dole ya zauna jarrabawar MDCN, hukumar da ke kula da likitoci a Najeriya, kafin a ba shi lasisi, wanda ya karanta lauya dole ya fara da kashi na ɗaya a makarantar horon lauyoyi ta Bwari. Na ga waɗanda suka jure duk wannan don suna son aiki a gida.

Yar_Kofar_Mata:
Baba Abban Sadiku, Allah ya jiƙan Baba. Bari in yi magana a matsayin wadda aka yi wa abin, don na ga iyaye ne suka fi yawa a nan.

Ni IB na yi, ba tsarin Ingila ba. Ga waɗanda ba su sani ba, shiri ne na shekara biyu da aka kafa hukumarsa a Geneva a 1968. Darussa shida kake ɗauka, kowanne maki bakwai, sai maki uku daga wani darasi na nazarin yadda ake sanin abu da kuma dogon rubutun bincike mai kalma 4,000. Jimla 45. Akwai kuma hidimar al'umma, wadda in ba ka yi ba ba za a ba ka takardar ba.

Da lokacin dogon rubutun ya zo, malamata, wata Baturiya, ta ce in daina neman batu a kan Turai, in duba garinmu. Na zaɓi marinar Ƙofar Mata. Na je da littafina da biro, na tsaya a bakin rijiyar baba, wani dattijo hannunsa shuɗi har gwiwar hannu yana tsoma zane yana ɗagawa. Na yi masa tambaya ta farko da Hausata ta 'yan gayu. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ke 'yar wace ƙasa ce?" Gidan kakana bai fi tafiyar minti goma daga inda muke tsaye ba. Sai da direbanmu ya zama tafinta tsakanina da shi. Ranar na yi kuka a mota har gida.

Na koma wurin sau tara. A wurinsa na koyi toka da kanwa da yadda ake gane baba ya nuna, na shiga wurin mabuga na ji yadda suke sauke guduma a tare. A wurinsa kuma na koyi durƙusawa in gaida mutum yadda ya kamata, don ranar farko a tsaye na yi masa magana. Abin da nake so ku lura da shi: makarantar da ta nesanta ni da garinmu, ita ce kuma ta tura ni bakin rijiyar nan. Ba wanda ya taɓa kai ni a gidanmu.

Yanzu ina aiki da wata ƙungiya mai kula da ilimin yara mata, rabin shekarata a ƙauyuka nake yi. Abin da makarantar ta ba ni wanda nake amfani da shi kullum: in rubuta rahoto ba tare da na kwafi na wani ba, in tambayi hujja, in zo a kan lokaci, in tsaya gaban manya in faɗi abin da na gani ba tare da muryata ta yi rawa ba. Abin da ba ta ba ni ba: sanin lokacin da ya kamata in yi shiru. Wannan sai da na sha kunya a gaban wani mai gari kafin na koya.

Malam_Na_Aji:
@Yar_Kofar_Mata Allah ya yi miki albarka, kin faɗi abin da mu malamai muke gani.

Shekarata goma sha ɗaya ina koyar da kimiyyar sinadarai a irin makarantun nan, kafin nan na yi shida a ta gwamnati. Ba sihiri ba ne. A can ina da yara tamanin da wani abu a aji, gwajin da ya kamata su yi da hannunsu a allo nake zana musu. A nan goma sha takwas ne, kowa da kwalbar gwajinsa. Akwai ma'aikaciya guda wadda aikinta kawai ta zauna da yaro tun yana aji huɗu, su duba jami'o'in da suka dace da shi, ta koya masa rubuta takardar neman gurbi. Yaron da aka yi wa wannan ba ya jin akwai ƙofar da ba tasa ba. Wannan ƙarfin zuciyar shi ne rabin abin da iyaye ke saya.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Inda na taɓa aiki, malamin da aka ɗauko daga waje ana biyansa da dala, a ba shi gida da tikitin jirgi, ni da muke koyar da aji ɗaya ana biyana da naira abin da bai kai rubu'in nasa ba. Yara ba wawaye ba ne, suna gani. Ba a taɓa rubuta musu a allo cewa na waje ya fi na gida daraja ba, amma darasin yana shiga. Na taɓa gyara wa wani yaro lissafi, ya ce sai ya tambayi Baturen tukuna.

Hajiya_Ummi_GRA:
Ni matsalata addini ce. Na cire 'yata daga wata saboda bukukuwan da ba namu ba, yau a ce a sa kayan dodanni, gobe a ce rawar dare ta 'yan ajin ƙarshe, namiji ya riƙo mace. Ranar Juma'a kuma sai da muka yi ta kai ruwa rana kafin a bar maza su fita masallaci.

Maman_Tagwaye:
Hajiya Ummi, ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Yanzu akwai masu haɗa manhajar Cambridge da haddar Alƙur'ani a Kano da Kaduna da Abuja. Sai dai a yi hattara, wani wurin nauyin yana yi wa yaro yawa, ya tashi ba bokon ba haddar. Ki shiga aji ki gani da idonki kafin ki biya.

Dan_Fagge_77:
Kuma a bambance. A layinmu kaɗai akwai makaranta uku da suka rubuta "ta ƙasa da ƙasa" da Turanci a allonsu, gida ne mai ɗaki uku aka yanka da katako. Iyaye talakawa suna matse bakin aljihu suna biya saboda sunan. Wannan ma zalunci ne.

Tsohon_Barewa:
'Ya'yana, ku ba tsoho wuri. Muhawarar nan ta girmi dukkanku. Tun da Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano a 1909 iyaye ke tambayar abin da Abban Sadiku ya tambaya yau. Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga baya ta zauna a Zariya ta zama Barewa, ai ita ce makarantar ƙasa da ƙasa ta zamaninta. Turawa ne malamai, da Turanci ake komai, har wasanninsu na Ingila aka koya wa ɗalibai. Ta fitar da Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, daga baya Gowon da Murtala da Shagari da Umaru 'Yar'aduwa.

Tafawa Ɓalewa Turancinsa har Turawa suna sha'awa, amma da Hausa ya rubuta littafi. Me ya sa bai ɓace ba? Saboda sai da ya yi makarantar allo, ya yi elemantare da harshensa, ya san gaisuwar mutuwa da ta suna, sannan aka ɗora masa Turanci. Kuma an horar da su ne da sanin cewa lardinsu za su koma su koyar. Makaranta tana tura yaro inda aka gina ta ta tura shi. Tamu an gina ta tana kallon Arewa. Ku tambayi kanku ta 'ya'yanku ina take kallo.

Likita_Shika:
Ranka ya daɗe, maganarka dutse. Sai dai ita ma Kwalejin Katsina ba ɗan kowa ke shiga ba a farkonta, ko? 'Ya'yan sarakuna da na masu faɗa a ji sun fi yawa.

Tsohon_Barewa:
Haka ne ɗana, ban musa ba. Amma a zamaninmu, na kwana ɗaki ɗaya da ɗan sarki da ɗan maƙeri, kwano ɗaya, bulala ɗaya. Wannan haɗuwar ce nake jin tsoron ta ƙare.

Bawan_Allah_Gusau:
Ku yi haƙuri, amma karanta wannan zaren yana ƙona mini rai. Ana maganar yaron da bai iya gaida kakarsa ba, alhali a jiharmu akwai yaran da makarantarsu ta shekara a rufe saboda 'yan bindiga. UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan, yawancinsu a Arewa. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Kuɗin zango ɗaya a wasu makarantun nan ya isa ya gyara firamaren ƙauyenmu har da rufi. Kuma waɗannan yaran ne gobe za a ɗauko a ba su hukumomi su tsara mana ilimi, mutumin da bai taɓa zama a ƙasa ya ɗauki darasi ba.

Yar_Kofar_Mata:
@Bawan_Allah_Gusau Yaya, ba zan yi maka gardama ba, don gaskiya ka faɗa. Ranar da na fara shiga ajin da yara ke zaune a kan buhu ina da shekara ashirin da uku, lokacin bautar ƙasa. Kafin nan a hoto kawai na sani. Wasu abokan karatuna har yau ba su gani ba, kuma wasunsu suna manyan ofisoshi. Ban ce mugaye ba ne. Ba a taɓa nuna musu ba ne. Hidimar al'ummar da muka yi a makaranta sau da yawa ba ta wuce a kai kwalin taliya gidan marayu a ɗauki hoto a dawo ba.

Abban_Sadiku:
Malam na Gusau, na karɓi wannan, kuma ban ji haushi ba. Ni ma a ƙasa na zauna na yi firamare. Wataƙila tsoron kada ɗana ya sha abin da na sha ne ya sa na yi nisa da shi haka.

Issoufou_Tawa:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Nijar mun ga wani gefen abin. A Yamai ɗiyan manya da yawa lakwal ɗin Faransa sunka yi, La Fontaine, su samu Bak, takardar gama sakandare, irin na Faransa su wuce Paris ko Lyon ko Kanada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka da Faransa ta lalace, sojojinsu sunka fita, ofishin jakadancinsu ya rufe, lakwal ɗin ma ba ta ci gaba ba. Iyaye sunka shiga neman inda za su kai ɗiyansu, wasu Kwatano, wasu Dakar, wasu sunka maida su lakwal ta gida. Abin da na koya: in karatun ɗanka duka ya rataya ga wata ƙasa, ranar da gwamnatoci sunka ɓata, ɗanka ne a tsakiya. Yanzu kuma tun 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Wanda ya tashi bai iya Hausa ko Zabarmanci ba, shi ne baƙo a ofis gobe.

Abu_Hanan:
@Issoufou_Tawa mu dala ce ta yi mana namu juyin mulkin. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Ɗana yana aji biyar a lokacin, shirinmu ya gama ya tafi waje. Lissafi ya ƙi. Na zaunar da shi na faɗa masa gaskiya. Sai ga shi dole ya rubuta WAEC da JAMB, yaron da bai taɓa ganin tsarin tambayoyinsu ba. Ilimin yana da shi, amma an koya masa ya yi bayani da hujja, nan kuma ana son ya zaɓi amsa cikin daƙiƙoƙi. Sai da na ɗaukar masa malamin gida wata shida. Yanzu yana BUK, shekarar farko ya sha wuya, layin rajista da ɗakin lacca mai mutum ɗari biyar sun kusa sa shi ya ajiye. Yanzu ya ware, har ya fi ni sanin Kano.

Shawarata ga Abban Sadiku: ko wace makaranta za ka kai ta, ka tabbatar za ta rubuta WAEC ko NECO tare da tasu jarrabawar. A Level kuma ana karɓarta a shiga aji biyu na jami'a kai tsaye ta hanyar JAMB. Kada ka rufe mata ƙofar gida.

Alhaji_Dawanau:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ne ke rubuta mini wannan ina faɗa. Sana'ata riɗi da zoɓo da citta a Dawanau. Na kai ɗana na biyu irin makarantar, ya je waje ya karanta kasuwanci, ya dawo na ce ya zauna a shago.

Watan farko mun kusa rabuwa. Wani dillalina na Maigatari da muka shekara ashirin muna hulɗa ya zo karɓar kuɗin kaya, miliyoyi, yadda muka saba, da baki. Yaron ya fito da takarda ya ce sai ya sa hannu, ya kawo shaida. Mutumin ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Alhaji, yau ni ake tambaya shaida a shagonka?" Sai da na bi shi har tasha na ba shi haƙuri. Na dawo na ce wa yaron, a kasuwar nan amana ita ce takarda, wanda ya ci ta sau ɗaya ya gama ciniki har abada.

Amma ku ji ɗaya gefen. Shekara da shekaru ina sayar wa masu fitarwa a Legas, su ne ke cin ribar. Yaron nan ya zauna da kwamfutarsa, ya rubuta wasiƙu, ya nemo takardun fitar da kaya, ya kai samfur aka gwada, har muka loda kwantenar zoɓo ta farko zuwa Meziko da sunanmu. Ya kuma gano wani yaron shago da ya shekara uku yana yi mana ɓeraye a awo, abin da ni ban gani ba. Kuma ko sisi ba ya bayarwa a hanya, ya gwammace mota ta kwana. Wannan yana ja mana asara wani lokaci, amma ban taɓa ce masa ya daina ba, don na san shi ke da gaskiya.

Yanzu shi da dillalin nan na Maigatari ba ka jin kansu. Yana zuwa ya durƙusa ya gaishe shi, ya kawo masa shayi, bayan sun gama hira ya rubuta abin da aka yi a littafinsa, ba tare da ya ce a sa hannu ba.

Malam_Na_Aji:
Alhaji, wannan labarin naka ya fi duk abin da na rubuta. Kai ka ƙarasa masa karatun.

Zongo_Boy_Nima:
Gaisuwa daga Ankara ta Gana. Ina so in ƙara abu ɗaya, kada a ɗauka sai ɗan mai kuɗi. Akwai African Leadership Academy a Johannesburg, wadda Fred Swaniker ɗan Gana yana cikin waɗanda suka kafa ta, ta buɗe a 2008, manufarta a fili ita ce yaran su yi wa Afirka aiki. Akwai kuma makarantun UWC, wato United World Colleges, suna da kwamitin zaɓe a ƙasashe da yawa kuma suna ba da tallafi. Wata yarinya a zangonmu, uwarta koko take sayarwa, ta samu irin wannan tallafin. In ta zo hutu har yanzu ita ke tashi da asuba ta taya uwar dama koko. Irin waɗannan ba sa mantuwa, don sun san daga inda suka fito kafin su tafi. Matsalar a zango ita ce ba mu ma san ana neman ba, sai lokaci ya wuce.

Bawan_Allah_Gusau:
@Zongo_Boy_Nima don Allah in lokacin cikewa ya zo ka sanar a nan. Akwai yara biyu a wurinmu da kansu ke ja, ba mai tsaya musu.

Hajiya_Ummi_GRA:
Ba wanda ya taɓo maganar aure. 'Yar yayata ta gama irin makarantar, ta yi digiri biyu a waje, duk wanda aka kawo mata sai ta ce ba sa fahimtar juna. Shekararta talatin da ɗaya.

Yar_Kofar_Mata:
Anti, da girmamawa, wataƙila gaskiya take faɗa. An shekara goma sha biyar ana koya mata ta faɗi ra'ayinta, ba za ta iya ajiye shi rana ɗaya ba. A yi mata addu'a, a kuma saurare ta. Ni mijina makarantar gwamnati ya yi a Haɗeja, kuma shi ya fi kowa ƙarfafa mini gwiwa a aikina.

Dan_Fagge_77:
Mun bar Abban Sadiku a tsaye. Ni har yanzu ina kan bakana, a kai yarinyar makaranta mai kyau ta gida, a ajiye sauran kuɗin don jami'a. Amma na janye kalmar masana'anta, Likita ya yi gaskiya.

Likita_Shika:
Ni kuma da ina da hali da na kai tawa, ba zan ɓoye ba. Abin da Malam ya faɗa na yara goma sha takwas a aji ba ƙaramin abu ba ne.

Abban_Sadiku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa uwarsu duka daren jiya, har maganar Malam na Gusau. Ba mu yanke ba tukuna. Ita tana nan a kan a kai ta, ni kuma na ce in za a kai ta sai da sharaɗin WAEC da Abu Hanan ya faɗa, kuma dogon hutu a Malumfashi za ta riƙa yi.

Na kira Sadiku na tambaye shi, da za a mayar da shi baya, zai so a kai shi makarantar? Ya ce e, ba ya nadama, ita ta ba shi aikin da yake yi. Sai ya yi shiru, ya ce abu ɗaya kawai yake so da mun yi, da mun bar shi ya riƙa kwana a ɗakin Hajiya. Ya roƙe ni in saya mata waya mai hoto. Na saya, jikarta ta wurin marigayi ce ke riƙe mata. Ranar Lahadi sun yi minti ashirin, ita tana faɗa yana maimaitawa. Ta fara masa da gaisuwar rasuwa, ta ce saura ta barka da ta maras lafiya.

Maman_Tagwaye:
Masha Allah. Ka ce wa Hajiya ta haɗa da ƙanwar tun yanzu, ta zauna kusa da kai in ana kiran.

Abu_Hanan:
Abban Sadiku, in kun je ganin makarantar ka tambaye su ko cibiyar WAEC ce su da kansu, ko sai an kai yara wani wuri su rubuta. Mu wannan ne ya ba mu wahala.